Tsoro Na Daji: Mesa da Masu Ɗaukarta Hoto

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halitta mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki, Ya yanka wa kowanne arzikinsa da wurin kwanansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, kowace shekara idan ruwa ya fara janyewa daga fadamun Gulbin Zamfara, aka shiga yankan shinkafa, sai hotunan macizai su cika wayoyin mutanen ƙasarmu, tun daga Jega da Jandutsi har Aliero da Maiyama. Yau a nuna maka mesa an miƙe ta a bakin titi, samari biyar suna tallafe da ita suna dariya. Gobe a nuna maka wani yaro ya rataya ta a wuya yana murmushi. 'Yan kasuwa a rumfunansu da ma'aikata a ofisoshinsu su yi ta miƙa wa juna waya ana jinjina kai. Daga nan ne tambaya ta iso gare mu, a wurin karatu da kuma ta wasiƙa: shin ya halatta Musulmi ya ɗauki maciji hoto? Wanda kuwa ya gamu da mesa a daji, wajibi ne ya kashe ta? Mun ga ya kamata mu amsa a wannan fili, domin al'amarin ya wuce nishaɗi. Akwai rai a cikinsa, na mutum da na dabba, kuma dukansu biyu za a tambaye mu a kansu.

Mu fara da tsoro, tun da shi ne abin da samarinmu suke gudun a gan su da shi. Alƙur'ani mai girma ya kawo labarin sandar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a surori da dama, ya kuma kira abin da sandar ta zama da sunaye uku. A Suratu Ɗaha an ce da ita hayya, watau maciji kowane iri. A Suratul A'arafi da Suratush Shu'ara'i an ce su'uban, watau gawurtaccen maciji. A Suratun Namli da Suratul Ƙasasi kuwa an kamanta motsinta da na jannu, watau siririn maciji mai zafin nama. Masu tafsiri suka daidaita sunayen da cewa ta haɗa girman wancan da saurin wannan. To, me Annabi Musa ya yi sa'ad da ya gan ta tana motsi? Ya juya da gudu. Wannan fa mutum ne wanda ƙarfinsa ya shahara, wanda daga baya ya tsaya gaban Fir'auna ƙafarsa ba ta yi rawa ba. Ubangijinsa bai zarge shi da ragwanta ba, kiransa Ya yi Ya kwantar masa da hankali. Idan Kalimullahi ya ja da baya ga maciji, wane ne ɗan wane da zai ce ja da baya ya rage masa daraja?

Kakanninmu sun san wannan sarai. Mun taso mun tarar da tsofaffi idan dare ya yi ba sa kama sunan maciji, sai su ce igiyar ƙasa. Suna cewa tsoro na daji, kunya na gida, watau kowane wuri da ladabin da ya dace da shi, kuma ladabin daji shi ne taka-tsantsan. A zamanin ƙuruciyarmu ɗaukar hoto ma sai da shiri. Fim ɗin da ake sa wa kyamara ɗauka 24 ne ko 36, sa'an nan a kai wanki a jira kwanaki, saboda haka ba mai ɓarnar da shi a kan abin da zai sare shi. Yanzu kowane aljihu da kyamararsa, kuma kowane hoto yana da 'yan kallo dubbai a Facebook da WhatsApp. Halin maciji yana nan yadda Allah Ya yi shi. Abin da ya sake shi ne zuciyar mai tsayawa a gabansa, domin yanzu yana jin idon jama'a a kansa ko da shi kaɗai ne a dokar daji, sai kunyar gida ta bi shi har can ta kore masa tsoron da zai tsare ransa.

Sanin abin da ke gabanka

Malamanmu na da ba su raina ilmin dabbobi ba. Jahizu na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan macizai a cikin Kitabul Hayawan. Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya jera dabbobi bisa haruffa a cikin Hayatul Hayawan, yana kawo siffar dabba da halinta, sa'an nan hukuncinta. Wannan jeri shi ne daidai, gama ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

Mesa ita ce mafi girman macizan Afirka, kuma ba ta da dafi ko kaɗan. Babba takan kai tsawon ƙafa 10 zuwa 16, wadda ta kai ƙafa 20 kuwa tana da wuyar samu ƙwarai. Takan cafke abincinta da haƙora masu lanƙwasa zuwa ciki, ta nannaɗe shi ta matse har jini ya daina gudana a jikinsa, sa'an nan ta haɗiye shi ɗungum. A leɓunanta akwai 'yan ramuka masu jin ɗumin jiki, da su take gane ɓera a cikin duhu. Macen takan saka ƙwai masu yawa a ramin dabgi ko tsohon suri, ta nannaɗe su tana gadi wajen wata biyu zuwa uku, kuma a wannan lokaci ne ta fi saurin faɗa. Yawancin abincinta ɓeraye ne da gafiya da zomo da tsuntsaye, amma gawurtacciya takan ɗauki ɗan akuya, har akuya. Cizonta yana yaga nama ƙwarai, kuma babba idan ta nannaɗe wuyan mutum shi kaɗai, da wuya ya kwance ta.

Duk da haka, masu cika maƙabarta ba su kai ta girma ba. Kasa gajeriya ce mai kauri, launinta kamar busasshen ganye, ba ta gudu idan ta ji tafiya, sai ta kwanta shiru har a taka ta, kuma saranta ya fi ƙiftawar ido sauri. Kumurci da gamsheƙa masu fasa kai ne, a cikinsu akwai mai feshin dafi, wanda yakan nufi idon mutum daga nisan ƙafa shida ko fiye. Sai kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Da wuya ta wuce ƙafa biyu, amma ita ce ta fi kowane maciji kisa a ƙasashenmu na arewa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai tashi da ƙafarsa yana cewa ya ji sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari, ko ya zuba a cikin kai. Ga abin lura: kyamara tana bin mai girma, ajali kuwa ya fi zuwa ta ƙarami. Saurayin da ya zuba ido ga mesa a fuskar wayarsa, yana takawa cikin ciyawa bai duba ƙasa ba, ya manta cewa fadamar da ta ciyar da mesa ita ce ta ciyar da kasa da kububuwa.

Abin da muka gani

A kakar shekarar 2020, bayan ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, mun je Jandutsi yin jaje. Shekarar ruwa irin wannan takan kori macizai daga ramukansu zuwa tudu, inda mutane da dabbobi suke. Da hantsi muka fita da mai masaukinmu, wani dattijo manomi, tare da wani saurayi malamin gona, domin mu ga abin da ruwa ya rage. Muna cikin tafiya sai dattijon ya gitta sandarsa a gabanmu, ya nuna wani tsohon suri da haɓa. Ga mesa a kwance tana shan hantsi, kaurinta ya kai cinyar mutum, zanen bayanta yana sheƙi kamar an shafa mata mai. Muka tsaya cik, harshe ya kama tasbihi da kansa.

Saurayin ya zaro waya ya ɗaga ƙafa zai matsa. Dattijon ya ce masa, "Ɗana, tsaya inda kake. Na'urarka ta matsa, kai kar ka matsa." Yaron ya ce, "To, Baba." Ya jawo hoton da yatsunsa daga inda yake, tazarar da ta fi taki ashirin, ya ɗauka sau uku. Sa'an nan dattijon ya juyo gare mu ya ce, "Malam, wagga dabba shekara ukku ina ganin ta nan. Tun da ta zamna, gafiya ta rage mini ɓarna. Ba ta biɗe ni da faɗa ba, ban biɗe ta ba. Amma ranar da ta taɓa mini ɗan akuya, ko ta doshi gida inda jikoki, to, ranar hukuncinta ya sake." Muka zagaye ta nesa muka wuce. Wannan bawan Allah bai karanta Muhtasar ba, amma maganarsa fiƙihu ce tsantsa, domin ya ɗaura hukunci a kan dalilinsa.

Bayan 'yan makonni, a wata tashar mota, muka ga kishiyar wannan. An ɗaure wata mesa da igiya a bayan babur an ja ta a kan tsakuwa, fatarta ta saɓule, ga ta da sauran rai. Samari suna layi, kowa ya ɗaga kanta a ɗauke shi, wani yana kiran a kawo fetur. Da muka tambayi wanda ta cuta, aka ce ba kowa, a ramin da take can cikin daji aka tono ta. Muka yi nasiha gwargwadon iko, wani mahauci ya sa wuƙa ya hutar da ita.

Hukuncin kisa

Kada wani ya fahimci cewa muna hana kashe maciji. Hadisai ingantattu sun zo da umurnin kashe shi, har an yi wa mai salla izinin kashe maciji da kunama yana cikin sallarsa, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. An kuma yi gargaɗi ga wanda ya ƙyale maciji saboda camfin cewa ɗan'uwansa zai biyo ramuwa. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani ya bambanta macizan gida da na daji. Na gida a Madina ana yi musu gargaɗi har uku kafin a kashe, yin haka a wasu garuruwa kuma abu ne mai kyau, na daji kuwa ba a yi musu gargaɗi. Saboda haka manomin da ya kashe kasa a kunyarsa, ko uban da ya kashe kumurci a akurkin kaji, ya yi daidai, muna kuma fata masa lada domin ya kawar da cuta daga hanyar Musulmi.

Amma malamai sun bayyana cewa dalilin wannan umurni shi ne cutarwa, kuma Shari'ar da ta ba da izinin kisa ta kafa masa iyakoki. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi, na goma sha bakwai a cikin Arba'una ta Nawawi, ya wajabta kyautatawa ko a wajen kisa. An la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi, an kuma hana azabtarwa da wuta. To, jan dabba a kan tsakuwa, da barinta tsakanin rai da mutuwa har kowa ya gama ɗaukar hotonsa, a wane babi za a sa shi? Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa suna tare da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a wani kogo a Mina, ana saukar da Suratul Mursalati, sai maciji ya fito. Aka yi umurni a kashe shi, ya riga su ya tsere. Manzon Allah ya nuna musu cewa kowane ɓangare an tsare shi daga sharrin ɗayan. Ku duba, har abin da mutum zai yi wa maciji an kira shi sharri ta fuskar macijin. Suratul An'ami kuma ta sanar da mu cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mu.

Akwai wata ƙissa da muke so kowane saurayi ya ji, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim, daga Abu Sa'idul Khudri. A lokacin yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, wani saurayi sabon ango ya nemi izini ya leƙa gida. Ya tarar da amaryarsa a tsaye a bakin ƙofa, ta ce ya shiga ya ga abin da ya fitar da ita. Ya shiga ya ga ƙaton maciji a nannaɗe a kan shimfiɗa. Ya soke shi da mashi, ya fito da shi ya kafa mashin a tsakar gida. Macijin ya yi birgima a kan mashin ya same shi, har ba a san wanda ya riga mutuwa a cikinsu ba. Wannan ita ce asalin gargaɗin macizan gida, domin Manzon Allah ya bayyana cewa akwai aljannu Musulmi a Madina. Amma akwai darasi na zahiri a cikinta ga mai ɗaga macijin da ya soke domin a gani. Likitoci sun tabbatar da cewa ko kan maciji da aka datse yana iya sara ya zuba dafi bayan an raba shi da gangar jiki. Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, kuma umurnin kashe maciji bai taɓa zama izinin kashe kai ba.

Hukuncin hoto

Game da hoton kansa, maganar mazhabarmu ta Malikiyya a fili take, kamar yadda Shaihu Dardiri da sauran masu sharhin Muhtasar suka tsara ta a babin walima. Abin da aka haramta shi ne sassaƙa surar mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai inuwa. Zane a kan takarda ko bango, wanda ba shi da inuwa, bai kai haramun ba, iyakarsa karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Da kyamara ta bayyana, Shaihu Muhammadu Bakhitul Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya kuma rasu a 1935, ya rubuta risala yana bayyana cewa wannan aiki tsare inuwar halitta ne kamar yadda madubi yake nuna fuska, saboda haka bai shiga gasa da halittar Allah ba. Wasu manyan malamai, musamman na ƙasar Saudiyya, sun tsananta, ba su yarda ba sai don larura ko bukata. Muna girmama kowane ɓangare. Abin da muka rinjayar shi ne halacci, sa'an nan hukuncin ya bi niyya da hanya.

Saboda haka hoton da malamin gonan nan ya ɗauka daga nesa, domin ya nuna wa manoma da 'yan makaranta, halal ne, yana iya zama abin lada. Hoton da aka ɗauka domin a ce wane jarumi ne kuwa ya tara laifi a kan laifi: fariya, da ganganci da rai, da azabtar da dabba, da koya wa ƙananan yara abin da zai kai su kabari. Yaron da ya ga yayansa ya sami yabo da mesa a wuya, gobe shi zai kai hannu ga kububuwa, domin bai san bambancinsu ba. Masu wasa da maciji a kasuwa ma suna da rabonsu a wannan laifi. Da yawansu sukan cire wa macijin haƙoran dafi, sa'an nan su sayar da laya da garin magani da sunan shi ne ya tsare su. Haƙoran kuwa suna sake fitowa, kuma an sha jin wanda macijinsa ya zama ajalinsa.

Sai kuma ƙarya, wadda ta fi yawa a wannan fage. Idan aka miƙo maciji kusa da idon kyamara, mutum ya tsaya can baya, sai mai ƙafa takwas ya zama kamar gungumen giginya. Fatar da aka feɗe aka ja kafin ta bushe takan ƙara tsawo da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, dukawa da masu cinikin fata sun san haka. Sau da yawa kuma hoton daga wata nahiya yake, ko kwamfuta ce ta ƙera shi, sai a liƙa masa sunan wani ƙauye na kusa, a ce ta haɗiye mutum. Mata su ƙi zuwa rafi, 'yan ƙwadago su ƙi shiga fadama, shinkafa ta zube a gona. Suratul Hujurati ta umurce mu da bin diddigin labari kafin aiki da shi. Ɗan kasuwar da ba zai karɓi buhun albasa ba sai ya kwance bakinsa, bai kamata ya tura hoto ga mutum ɗari bai tambayi asalinsa ba.

Inda hoto yake ceton rai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji yana saran mutum wajen miliyan 5 da dubu 400 a kowace shekara, waɗanda ke mutuwa kuwa tsakanin 81,000 ne da 138,000, ban da masu rasa hannu ko ƙafa. A 2017 ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Ƙasarmu tana da hannu a wannan ilmi. A shekarun 1970 Dakta David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bincike mai zurfi a kan saran kububuwa, kuma daga irin aikinsu ne aka sami gwaji mai sauƙi: a ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a tsabtatacciyar kwalbar gilashi, a bar shi minti 20, idan bai daskare ba an san dafin ya shiga jini. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da wannan jinya, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano kuma ya daɗe yana bincike a kanta. Allurar da ake kira EchiTAb, da dafin macizan Nijeriya aka haɗa ta: a riƙa sa wa tumaki ko dawaki dafin kaɗan-kaɗan, sa'an nan a tace makarinsa daga jininsu. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ɓoye magani a cikin cuta.

A nan ne hoto yake da amfani na gaske. Idan an sari mutum, macijin kuma yana nan a fili, hoto ɗaya daga nesa yana taimakon likita ya san irin dafin da yake fama da shi. Amma kada a ɓata lokaci wajen farautarsa, kada kuma a ɗauko shi a kai asibiti, domin kada majinyaci ɗaya ya zama biyu. A janye wanda aka sara daga wurin, a cire masa zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo. A hana gaɓar motsi da karan ɗori, kamar yadda maɗoran Aliero suka ƙware, amma ba tare da matsewa ba. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba har jini ya tsaya, domin wannan ɗauri ya jawo yanke ƙafafu da yawa. Idan feshi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Sa'an nan a garzaya asibiti, ko da mutumin ya ce ya warke.

Ba mu hana tofi ba. Abu Sa'idu ya karanta Fatiha ga wani shugaban ƙauye da aka harba, ya warke, Manzon Allah kuma ya tabbatar da abin da ya yi. Amma shi ne dai ya umurce mu da neman magani. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insani a kan gyaran addini da na jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai a kan magunguna. A yi tofin a cikin mota ana tafiya. Malamin da ya tsare majinyaci a zaurensa kwana biyu jini yana zuba, ya shirya amsar da zai ba Ubangijinsa.

Kira ga masu karatu

Ya ku 'yan kasuwa, maciji abinci yake bi. Inda hatsi ya zube ɓera zai zo, inda ɓera ya zo maciji yana tafe. Ku share sito, ku ɗaga buhuna daga ƙasa, ku nome ciyawar da ke kewaye da rumfunan albasa, kada ku sa yaro ya zura hannu inda ido bai gani ba. Yawancin sara a ƙafa yake, saboda haka dogon takalmin roba da tocila ga ɗan ƙwadagon da ke yi maka aiki a fadama haƙƙinsa ne a kanka. Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi allurar dafi mai inganci ta hannun likitoci ya ajiye wa talakawa a asibitin garinsu, gama kuɗinta sun fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuma wannan sadaka ce mai raya rai. Masu sayar da magani su ji tsoron Allah: allurar da aka haɗa domin macizan Indiya ba ta maganin kububuwarmu yadda ya kamata. Masu cinikin fata kuma su sani cewa yarjejeniyar duniya ta 1973 a kan cinikin namun daji, wadda Nijeriya take ciki, ta sa fitar da fatar mesa ƙarƙashin izini, kuma bin doka a kan maslahar jama'a wajibi ne.

Ya ku ma'aikata, malaman gona da malaman daji da malaman asibiti da na makaranta, ga aikin da kyamararku za ta yi. Ku tattara sahihan hotunan macizan yankinmu, kowanne da sunansa na Hausa, a buga a liƙa a makarantu da ɗakunan shan magani da tashoshin mota, domin yaro ya san kasa kafin ya taka ta. Limamai kuma su keɓe wa wannan magana huɗuba ɗaya kafin kaka.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Wanda ya gamu da maciji a daji, ya tsaya, ya duba ƙarƙashin ƙafarsa, ya ja da baya sannu, ya bar masa hanya. Idan ya zama barazana ga mutane ko dabbobi, wanda ya iya ya kashe shi kisa mai sauri, ba wasa, ba wuta. Idan yana can inda Allah Ya ajiye shi, a dube shi da idon lura, a ɗauke shi daga nesa in ana so, a wuce. Kada kuma a bar addu'ar neman tsari da kalmomin Allah safe da maraice, wadda Manzon Allah ya koya wa mutumin da kunama ta harba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin abin da Ya halitta, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Amin.